Idan ƙafafu suka mutu bayan allurar rigakafin mura a Amurka: abin da za ka yi, da yadda ake neman diyya

Abin daga silifa ya fara. Mijin yayata, wanda ya shekara goma sha wani abu yana tuƙa tasi a Niyok, ya je famasin unguwarsu an yi masa allurar rigakafin mura kamar yadda ya saba duk shekara in sanyi ya gabato, bayan kamar sati biyu sai ya fara cewa yana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa, daga nan kuma in yana tafiya a tsakar ɗaki silifar sai ta zame ya wuce ya bar ta a baya bai ma sani ba. Ran nan da asuba ya yi sujada ya kasa ɗagowa. Yayata ta ce masa "Malam, dan Allah mu tafi asibiti," ya ce a bari zuwa gobe sanyi ne kawai, masu zuwa dubiya kuma kowa da nasa, wannan ya ce basir ne wancan ya ce jifa ne a nemo rubutu. Kwana uku bayan nan buta ma ba ya iya riƙewa.

Sunan ciwon Guillain-Barré, ana furta shi Giyan-Bare, likitoci kuma GBS suke cewa a taƙaice. Sunayen likitocin Faransa ne guda biyu da suka bayyana shi a 1916 tare da na ukunsu Strohl, a jikin wasu sojoji biyu lokacin yaƙin duniya na farko. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayar cuta, sai ta rikice ta koma tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa gaɓoɓi, kamar dai ɓera ya ɓare robar wayar wuta. Shi ya sa yawanci daga ƙafa yake farawa, duka biyun a tare, yana hawowa sama, kuma in ya kai ƙirji numfashi ma gagara yake yi.

Kafin na ci gaba bari na faɗi wani abu da babbar murya, saboda mu mun san abin da jita-jita ta jawo mana lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Yawancin masu GBS ba allura ce ta jawo musu ba. Kusan biyu cikin uku sai ka samu sun yi gudawa ko mura da tari 'yan makonni kafin nan, musamman gudawar nan da ake ɗauka a naman kazar da bai dahu sosai ba, kuma ita kanta murar ta fi allurarta jawo wannan ciwo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce mutum 3,000 zuwa 6,000 ne ke kamuwa da GBS duk shekara a Amurka, da allura da babu allura, sannan in ma akwai ƙari saboda allurar mura to bai wuce mutum 1 zuwa 2 cikin allura miliyan ɗaya ba. Inda aka fi ganin abin shi ne 1976, lokacin da aka yi wa mutum sama da miliyan 40 rigakafin murar aladu, aka samu ƙarin kamar mutum 1 cikin 100,000, har aka dakatar da shirin. Ni har yau ina zuwa a yi mini tawa. Amma in kai ne ɗayan nan cikin miliyan, lissafi ba zai tashe ka daga kan gado ba, kuma ita gwamnatin da kanta ta yarda abin yana faruwa, shi ya sa ta ware kuɗi dominsa.

To abu na farko dai asibiti, tun ba a fara maganar lauya ko diyya ba. In ka ga ƙafafu biyu suna sanyi suna nauyi, hawa bene na gagara, ko fuska ta fara saki, ko haɗiyar yawu na wahala, ko kana ganin abu biyu-biyu, kar ka tsaya jiran ranar ganin likitanka, imajansi za ka nufa, in numfashi ya fara sama-sama kuma 911 kawai za a kira. Za su buga maka 'yar gudumar nan ta roba a gwiwa su ga ko ƙafar za ta harba, mai GBS galibi ba ta harbawa, za su ɗebi ruwan ƙashin baya, sannan su gwada gudun saƙo a jijiyoyi da 'yar wutar lantarki. Magani iri biyu ne aka tabbatar suna aiki, ko ƙarin ruwan garkuwa da ake kira IVIG wanda ake sawa ta jijiyar jini yawanci kwana 5, ko kuma wankin jini inda ake cire ruwan jinin a mayar da wani, kuma duka sun fi amfani in an fara da wuri. Ciwon kan kai maƙurarsa cikin sati biyu zuwa huɗu, wasu sai an sa musu na'urar numfashi, amma mafi yawa suna miƙewa su taka da ƙafarsu, sai dai watanni ake yi ana fiziyo, wato motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararru. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, a yi su a gefen gadon asibitin.

Nan kuma inda nake so mutanenmu su buɗe kunne. Tun a imajansi, duk likita ko nas ɗin da ya tambaye ka, ka gaya masa an yi maka allurar mura ranar kaza, alamar farko kuma ta fara ranar kaza, ka tabbatar ya shiga fayil. Mu mun saba da "ai kwanakin baya ne" ko "ya ɗan jima," to wallahi wannan kwanakin bayan zai iya cinye maka haƙƙinka, domin shekara biyu nan gaba abin da aka rubuta a daren nan shi alƙali zai fi yarda da shi fiye da abin da ka tuna. In Turancin bai zauna sosai ba ka nemi tafinta, asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar maka kyauta, kar ka bar ɗanka ɗan shekara goma sha biyu ya yi maka fassara. Mu abin da ya cece mu wani ɗan rasit ne na famasi da yayata ta tsinta a nannaɗe cikin aljihun rigar sanyinsa, da kuma saƙon murya da ya tura wa ƙaninsa a WhatsApp yana cewa ƙafarsa ta yi masa wani iri, ga kwanan wata a jiki. Ka koma inda aka yi allurar ka karɓi takardar shaida mai ɗauke da rana, da sunan kamfani, da lambar rukunin allurar, in sun ce ba su gani ba akwai rajistar rigakafi ta jiha ko ta birni, sannan kamfanin inshorarka ma yana da shaidar biyan kuɗin.

Akwai wani tsari da ake kira VAERS, wanda aka kafa a 1990, kowa zai iya shiga intanet ya kai rahoton abin da ya same shi bayan allura. Yana da kyau a yi, amma dan Allah a gane wannan rahoto ne kawai ba neman diyya ba, mutane da yawa nan suke tsayawa suna jiran a kira su.

Ita diyyar a ƙarƙashin wani shiri take mai suna VICP. Majalisar Amurka ta yi dokarsa a 1986, ya fara aiki a Oktoban 1988, allurar mura ta shekara-shekara kuma ta shigo cikinsa a 2005, manya da yara duka. Kuɗin daga haraji ne na santi 75, wato kashi uku cikin huɗu na dala, da ake ɗorawa a kan kowace allura, a kan kowace cutar da take karewa, ana tarawa a asusu guda. Wannan na faɗa wa mijin yayata lokacin da ya ce shi ba zai yi ƙarar kowa ba, ƙaddara ce ya bar wa Allah. Na ce "Yaya, ba yaron famasin nan za ka kai kotu ba, ba kuma likitanka ba, asusu ne da aka tara musamman saboda irinka, kuma ga haya ga yara ga mota a ajiye wata biyar." A takarda ma'aikatar lafiya ta tarayya ce ake ƙara, lauyoyin ma'aikatar shari'a ne ke tsaya mata, kotun kuma guda ɗaya ce a Washinton, wadda ke sauraron buƙatun kuɗi a kan gwamnatin tarayya, tana da wasu alƙalai na musamman da ba su da aiki sai wannan. Ba sai ka nuna wani ya yi sakaci ba. Ba kuma sai kana ɗan ƙasa ba, abin dubawa shi ne a Amurka aka yi maka allurar. Wanda aka yi wa tasa a gida Najeriya ko Nijar ko Gana, misali ta shirin aikin hajji, galibi wannan shirin bai shafe shi ba.

Sharuɗɗa biyu ne suke kayar da mutane. Na farko wa'adi, shekara 3 daga ranar da alamar farko ta bayyana, a lura, ba daga ranar da likita ya gano sunan ciwon ba, ba kuma daga ranar da ka ji labarin akwai diyya ba. In rasuwa aka yi, iyali suna da shekara 2 daga ranar rasuwar, kuma kar ya wuce shekara 4 daga alamar farko. Na biyu nauyin ciwon, sai ya zama illarsa ta wuce wata 6, ko an kwantar da kai har an yi tiyata, ko ya kai ga rasuwa. Shi ya sa bai kamata ka daina zuwa fiziyo da ganin likitan jijiya da zarar ka fara jin dama-dama ba, in har yanzu yatsu na sanyi ko kana gajiya da wuri ka faɗa a rubuta, mu da al'adar in an ce ya jiki a ce alhamdulillahi da sauƙi, to ka gode wa Allah sannan ka faɗi gaskiyar abin da ya rage.

Sai maganar jadawali, wanda shi ne zuciyar abin. Shirin yana da jerin illolin da doka ta riga ta amince da su, kuma a Maris 2017 aka saka GBS bayan allurar mura a ciki, in alamar farko ta fito tsakanin kwana 3 zuwa kwana 42 bayan allurar. In ka faɗa cikin wannan tazarar kuma ciwon ya cika siffofin da aka rubuta, doka za ta ɗauka allurar ce sila, sai dai in gwamnati ce ta kawo hujjar cewa wani abu ne daban ya jawo. Ka ga amfanin rasit ɗin nan da saƙon muryar kenan. A 2017 ɗin ne kuma aka saka ciwon kafaɗa da ke zuwa cikin awa 48 saboda an soka allurar sama da inda ya kamata. Amma akwai wasu cututtukan jijiya da ba sa cikin jadawalin allurar mura, kamar CIDP, ɗan'uwan GBS da ke ci gaba da tsananta fiye da sati 8 ko yana tafiya yana dawowa, da kumburin laka, da kumburin ƙwaƙwalwa da laka da ake kira ADEM. Su ma ana iya nema, sai dai nauyin hujja a kanka yake, dole lauyanka ya samo ƙwararren likita ya bayyana yadda allurar za ta iya jawo ciwon, ya nuna haka ɗin ne ya faru a jikinka, kuma lokacin ya dace. Irin wannan ta fi wuya ta fi jan lokaci.

Lauya kuwa, kar kuɗinsa ya tsorata ka. Shirin ne ke biyansa daban, ko da ba ka yi nasara ba, muddin da kyakkyawar niyya aka shigar kuma akwai dalili mai ma'ana, kuma doka ta hana shi yankar kaso daga cikin diyyarka. Duk wanda ya ce zai ɗauki kashi talatin cikin ɗari, tashi ka ba shi wuri. Ka nemi wanda wannan ne aikinsa, kotun tana da jerin sunayensu a shafinta, ba sai yana jiharku ba tunda kusan komai ta waya da imel ake yi. Lauyan takardun zama ko na hatsarin mota ba lallai ya san kan wannan ba. Kuɗin shigar da ƙara dala 400 da 'yan kai ne, yawancin lauyoyin su suke fara biya, mara hali kuma zai iya roƙon a yafe masa. Za su nemi takardun asibitinka har na shekara uku kafin allurar, kar ka ɓoye komai, ko sikari ne ko ciwon baya ko gudawar da ka yi a watan, gara lauyanka ya ji daga bakinka da ya tsinta a hannun lauyan gwamnati.

Abin da ake biya ya haɗa da kuɗin magani da inshora bai ɗauka ba, na baya da na gaba, da kuɗin shigar da ka rasa saboda rashin aiki, waɗannan ba su da iyaka sai abin da ka iya tabbatarwa, sai kuma na raɗaɗi da wahala wanda ba ya wuce dala 250,000, na rasuwa shi ma dala 250,000. In Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ce ta biya maka asibiti za a fara mayar mata da nata. Masu tasi da masu kitso da masu sana'ar hannu, takardun harajinku su ne shaidar abin da kuke samu, wanda bai saba cikewa da gaskiya ba a nan zai ji a jikinsa. Ka ajiye kowane rasit, na sandar dogarawa, na ƙarfen da aka kafa a banɗaki, har na motar zuwa fiziyo, mu a gwangwanin biskit yayata ta dinga tarawa. Kuma a sa haƙuri, shekara biyu zuwa uku ba abin mamaki ba ne.

Allurar korona ba ta cikin wannan shirin, nata daban ne, CICP, wa'adinsa shekara 1 kacal daga ranar allurar, don haka in rana ɗaya aka yi maka biyun ka gaya wa lauya tun a wayar farko. 'Yan'uwa na Ingila ku kuma dokarku ta 1979 ce, fam 120,000 ake bayarwa sau ɗaya ba haraji, amma sai an auna nakasar ta kai kashi 60 cikin 100, kuma babba yana da shekara 6 daga ranar allurar.

Wanda ya taɓa yin GBS cikin sati 6 bayan allurar mura, kar ya sake miƙa hannu a famasi sai ya zauna da likitansa sun auna, ya kuma sa a rubuta a fayil. Mijin yayata yanzu yana takawa zuwa masallaci da sandarsa, sallah dai har yanzu a kujera yake yi.