Kurakuran da muke yi wajen kwatancen wuri da Turanci

Duk wanda ya taɓa yi wa baƙo kwatance da Turanci a garin Bauchi, ko mai yi wa ƙasa hidima ne da ya sauka a tasha ko mai neman hanyar Yankari, ya san inda gizo ke saƙar. Sunayen wurare ba sa ba mu wahala. Ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin sunan su ne ke kayar da mu, kuma su ne masu duba takardun WAEC da NECO ke ja wa jan biro.

Asalin matsalar daga Hausarmu take. Da "a" guda ɗaya muke cewa a Bauchi, a shataletalen Wunti, a titin Jos. Turanci kuwa ya raba wannan aiki gida uku. Idan wurin yana da faɗi da iyaka, mutum yana cikinsa, kamar ƙasa ko jiha ko gari ko unguwa, "in" ake sawa: "I live in Bauchi", "Yankari is in Alkaleri Local Government Area". Idan daidai wani wuri ne da za a iya nunawa da yatsa, mahaɗa ko bakin ƙofa, sai a ce "at": "Meet me at Wunti roundabout". Titi da hawan bene kuma "on" suke ɗauka: "The shop is on Ahmadu Bello Way". Da zarar an haɗa da lambar gida, sai a koma "at". Saboda haka ɗalibin da ya rubuta "I was born at Bauchi State" ya mai da jiha guda kamar bakin ƙofa. Kasuwa dai tana karɓar biyun: "at the market" na nufin can ka tafi, "in the market" na nufin kana tsakiyar rumfuna.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na "gaba", domin shi ne ke ɓatar da mutane a zahiri. Wani zai kira abokinsa a waya ya ce "I am in front of the bank", alhali yana tsallaken titi, a inuwar mai sayar da lemo, yana hangen bankin. Abokin yana can bakin ƙofar banki yana waige-waige cikin rana, keke na wucewa tsakaninsu, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya makara. "In front of" na nufin kana gefe ɗaya da ginin, daf da ƙofarsa. In titi ya raba ku kuna kallon juna, "opposite" ke nan, kuma ba ta buƙatar "to" a bayanta: "opposite the bank". Akwai kuma gaba ta uku, wadda muke nufi idan muka ce gidan yana gaba da masallaci kaɗan. Wannan "just past the mosque" ce. Wanda ya ce "go front small" ya ɗauko Hausa ne ya sa mata rigar Turanci; abin da ake faɗa shi ne "go a little further".

"Baya" ma haka take. "At the back of the class" na nufin kujerun ƙarshe a cikin ajin. In mutum yana waje, bayan ginin, "behind" ce daidai.

Ɗalibai na yawan tuntuɓe a kan gabas da yamma. "Gombe is in the east of Bauchi State" na nufin Gombe tana cikin jihar Bauchi, a ɓangaren gabas. Kafin 1996 wannan magana gaskiya ce, amma a shekarar aka cire jihar Gombe daga Bauchi, don haka yanzu sai dai "Gombe is to the east of Bauchi". Azare kuwa, da har yau take cikin jihar, "in the north of Bauchi State" ya dace da ita.

Sai kalmomin tafiya. "Reach" da "enter" ba sa son wata ƙaramar kalma kamar "to" a bayansu: "We reached Gombe", "She entered the hall". "Arrive" ba ta tafiya da "to"; "arrive in Gombe" ake cewa, ko "arrive at the motor park". Haka ma "go home", babu "to". Su "I will drop here" da "let me branch" kuwa, a ganina ba laifi a faɗa wa mai keke, kowa a Najeriya zai gane. Amma a wasiƙar jarrabawa ko gaban masu tantance ma'aikata, a ce "get off" da "stop by". A kuma lura da harafin ƙarshe na "besides": ita tana nufin bugu da ƙari, "beside" ce ke nufin kusa da gefen abu.