Darasi na Bakwai: Yadda Ake Haɗa Jadawali Biyu a Kwamfuta

Masu tattara bayanan manoma a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, irin su Shika, Bomo da Hunƙuyi, ba kasafai suke samun komai a fita ɗaya ba. Da damina sukan rubuta sunan manomi da ƙauyensa da girman gonarsa, da kaka kuma su koma su rubuta buhunan masara ko dawa da ya samu. Jadawali biyu ke nan a kwamfuta, kuma ba yadda za a san abin da kowace kadada ta bayar sai an haɗa su.

Abin da ke haɗa su shi ne layin tsaye guda wanda yake cikin kowannensu, ana ce masa mabuɗi. Kada ku taɓa yin mabuɗi da sunan mutum, domin a unguwa ɗaya ana iya samun Musa uku, kuma wanda aka rubuta Muhammadu da damina yana iya komawa Mamman da kaka, ita kuwa manhaja harafi take dubawa, ba ta san mutum ba. Ku ba kowane manomi lambarsa tun ranar farko, ta bi shi a kowace takarda.

Ita ma lambar tana son kulawa. Idan kuka rubuta 045 a Excel, yakan zubar da sifirin ya bar 45, alhali a ɗaya jadawalin 045 ɗin na nan a matsayin rubutu. To, a nan manhajar da ke haɗa jadawalan ko dai ta ƙi aikin, ko ta ɗauke su mutum biyu ne daban, kuma na biyun ya fi haɗari saboda ba ya zuwa da gargaɗi.

Umarnin haɗawa a Stata da R, wato manhajoji biyu na nazarin alƙaluma, sunansa merge. Bayan an gama, Stata takan ƙara wani layin tsaye mai suna _merge: 1 na nufin manomin yana jadawalin farko kaɗai, 2 yana na biyu kaɗai, 3 kuma an same shi a duka biyun. R kuwa, idan ba a rubuta all.x = TRUE ba, takan watsar da duk manomin jadawalin farko da bai sami abokin haɗi ba, ba tare da ta faɗa ba. Ina roƙonku kada ku yi sakaci da waɗannan mutane, domin wataƙila wanda ba a samu da kaka ba shi ne wanda ruwa ya ci gonarsa, kuma cire shi zai sa amfanin ƙauyen ya fi gaskiyarsa yawa.

Haka kuma mai noma masara da dawa yakan fito sau biyu a jadawalin kaka, sai girman gonarsa ya maimaitu, jimillar kadada ta kumbura. Saboda haka ku ƙirga layukan kwance kafin haɗawa da bayanta.

Aikin gida: ku rubuta jadawali biyu na manoma goma a takarda, ku cire mutum biyu daga na kaka, sannan ku haɗa su da hannu, kuna sa 1, 2 ko 3 a gaban kowa.