Ciwon hannu, wuya da ƙugu a wajen aiki: kurakuran da muke ta maimaitawa a Legas

'Yan uwa na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, akwai ciwon da ke cin mutanenmu a hankali kuma ba ma ɗaukarsa da muhimmanci. Ba faɗuwa aka yi ba, ba mota ce ta buge mutum ba, kawai motsi ɗaya ne ake ta yi safe da yamma. Tela na taka keke, mahauci na sara, ɗan dako na cicciɓar buhu, mai POS ya duƙar da kai kan na'ura tun safe. Jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi kamar igiyar guga ce a bakin rijiya, gogar yau da gobe ke cinye ta.

Babban kuskuren shi ne da an ji ciwo sai a ce sanyi ne ko gajiya, a wuce kemis a haɗo magani a sha a koma bakin aiki. Wallahi wannan yana damuna sosai. Diclofenac da ibuprofen suna danne zafin da kumburi ne kawai, jijiyar na nan tana ci gaba da rauni, kai kuma tunda ba ka jin komai sai ka ƙara mata lodi, ga shi in aka daɗe ana shansu kullum musamman ba a ci abinci ba suna jawo olsa kuma suna taɓa ƙoda. Tramadol kuwa ya fi muni, mutum ya fara don ya samu ƙarfin aiki ya ƙare ba ya iya fita sai da ita. Gyaran shi ne ka gano wane motsi ne ke tada ciwon, ka rage shi na 'yan kwanaki ko ka canza yadda kake yinsa. Idan wurin ya kumbura, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora kamar minti 15.

Sai maganar hutu. Da yawa gani suke sai an tashi aiki ake hutawa, alhali hutun minti 2 duk bayan rabin awa ya fi wa jiki amfani. Ka miƙe, ka juya kafaɗu, ka buɗe yatsu ka rufe. Direbobinmu da ke kwana a layin Apapa, in go-slow ya tsaya cak a sauko a ɗan taka.

'Yan dako kuma, buhun shinkafa ko siminti kilo 50 ne, amma za ka ga mutum ya sunkuya ƙafafu a miƙe ya fizgo shi da ƙugu sannan ya murɗa jiki ya jefa a mota. Murɗawar nan da kaya a hannu ita ke kashe baya. Durƙusa da gwiwa, jawo kayan ya manne da jikinka, tashi da ƙarfin cinya, in za ka juya ka juya da ƙafafu gaba ɗaya. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kama wa juna ko a sa a baro, babu abin kunya a ciki.

Masu ɗinki da masu aikin kwamfuta kujera ce matsalarsu. In tebur ya yi ƙasa wuya ne zai biya, in ya yi sama kafaɗa. Tafin ƙafa ya zauna a ƙasa, gwiwar hannu kusa da jiki, wuyan hannu a miƙe ba a lanƙwashe ba, allon kwamfuta daidai ido ko da littattafai za ka tara a ƙarƙashinsa.

Toh akwai alamar da ba a wasa da ita. In babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna mutuwa ko kana jin kamar ana tsira maka allura, musamman cikin dare har ya tashe ka daga barci, jijiyar da ke kai ji zuwa yatsu ce ta matse a wuyan hannu, kuma ya fi kama masu ciwon suga da mata masu juna biyu. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne don babu abin da ya karye, murza wurin da man zafi ma ba zai buɗe ta ba. In aka je da wuri sau da yawa abin ɗaure wuyan hannu da dare da gashi a wajen likitan fisiyo sun isa, in aka bari har kofi ya fara suɓucewa daga hannu ana iya kaiwa ga tiyata. Asibitin ƙashi na Igbobi yana nan, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) ma ga shi a Idi-Araba. Ciwon baya da ke sauka ƙafa har ta yi rauni, ko fitsari ya fara kufcewa, wannan a ranar za a tafi asibiti.

Masu aiki a kamfani kuma kada ku ɓoye ciwon don tsoron kora. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, ta shafi har ciwon da aiki ya jawo, amma sai ka sanar da wurin aikinka da wuri, ya fi kyau a rubuce, ka kuma ajiye katin asibiti da duk takardar da likita ya ba ka.