Darasi na Bakwai: Ɗaura Kwandon Kaya a Kan Kariyar Keke ko Babur

Mutum yana iya haɗa kwando da hannunsa, na katako ko na ƙarfe ko na roba mai kauri, ya yi kyau a ido, amma amfaninsa duka ya rataya ne a kan yadda aka ɗaure shi. Kafin ka ɗauki sifana, duba jikin kariyar, wato ƙarfen ɗaukar kaya da ke saman tayar baya, da kyau, domin masu ƙera ta sukan buga adadin nauyin da za ta iya ɗauka, kuma a kan kariyar keke da yawa za ka tarar an rubuta kilo 25. Wannan adadi ya haɗa har da nauyin kwandon kansa, saboda haka idan kwandonka ya kai kilo 4, kayan da za ka zuba ba za su wuce kilo 21 ba.

Wurin da kwandon zai zauna shi ne abin da ya fi buƙatar natsuwa. Ɗora shi ta yadda tsakiyarsa za ta kasance daidai saman tsakiyar tayar baya, ko ta ɗan matso wajen sirdi. Idan ya zarce baya sosai, nauyin kaya zai riƙa ɗaga tayar gaba, kan keken ya yi ta rawa a hannunka, musamman wajen hawan tudu. Hau ka zauna tukuna, ka tabbatar bayanka da dugaduganka ba sa taɓa shi. A kan babur kuwa, kada ya rufe fitilar baya ko lamba, kada kuma ya kusanci salansa, domin zafinta yana narkar da roba.

Kada ka huda ƙarfen kariyar, domin rami yana raunana shi. Abin da ya fi shi ne ka yanki fallen ƙarfe biyu, ka sa su a ƙarƙashin kariyar a gicciye, sannan ka huda gindin kwandon wuri huɗu, ka zura ƙusoshi masu noti daga sama su ratsa fallayen, ta yadda kariyar za ta matse a tsakani. Ƙusa mai kaurin milimita 6 ta isa, kuma sifana mai lamba 10 ce take kama ta. Shimfiɗa yankin tsohuwar robar cikin taya tsakanin kwandon da kariyar, za ta hana ƙara da gogewar fenti. Igiya ko waya kaɗai ba abin dogaro ba ne, domin girgizar hanya tana sassauta su a hankali ba tare da ka lura ba.

Ɗaure notunan kaɗan-kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, har su yi daidai, sannan ka ƙara noti na biyu a kan kowanne don ya kulle na farko. Bayan haka ka kama kwandon ka jijjiga shi da ƙarfi. Idan keken ne ya motsa gaba ɗaya, aiki ya yi. Zuba kaya masu nauyi a ƙasa, ka gwada tafiya da taka birki a fili marar cunkoso, sannan ka sake bin notunan da sifana idan ka dawo.