Rayuwa ba fankiriyas: yadda ake riƙe insulin da sukarin jini

Wanda aka cire wa fankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki a bayan tumbi, gaba ɗaya ya rasa abu uku: insulin mai sauke sukari, gulukagon mai ɗaga shi idan ya faɗi, da ruwan da ke narka abinci a hanji. Rashin gulukagon ne ya sa ciwon sukarinsa ya bambanta da na maƙwabcinsa. Sukari na iya faɗuwa cikin mintuna, kuma jiki ba shi da gulukagon da zai tare shi.

A fara da ƙwayar narka abinci, wato Creon, domin nan aka fi yin kuskure. Ana haɗiye ta da lomar farko, da ruwan sanyi, ba a tauna ta. Manya kan fara da yunit 50,000 a babban abinci, 25,000 a ɗan abin taɓawa, likita ya gyara daga baya. Kada a kora ta da koko mai zafi ko shayi, zafi na kashe ta. Mutum ya yi allurar insulin, ya zauna ya ci waakye a Aboabo amma ya manta ƙwayar a gida: shinkafar ba za ta narke yadda ya kamata ba, insulin kuwa yana aikinsa, sai sukari ya faɗi. Bayan gida mai maiƙo, mai wari, da ke iyo a kan ruwa, alama ce ƙwayar ba ta isa ba.

Insulin iri biyu ake buƙata, mai dogon aiki da ke riƙe jiki dare da rana, da mai saurin aiki na lokacin cin abinci. Na farkon ba a barinsa ko da zazzaɓi ya hana ci, domin barinsa na sa jini ya yi tsami, abin da kan kai mutum gadon asibiti. Gaurayayyen insulin na 30/70, mai haɗe da iri biyun a allura ɗaya, yana da sauƙin samu, sai dai yana ɗaure mutum da lokacin abinci. Mai yini a trotro ko kasuwar Kejetia ya tattauna da likitansa a asibitin Komfo Anokye. A riƙa sauya wurin allura, wurin da ya yi ƙullutu ba ya shan magani daidai.

A gwada jini kafin kowane abinci, kafin barci, da kafin hawa babur. In sukari ya yi ƙasa da 3.9 mmol/L a na'urar gwaji, ko aka ji rawar jiki da zufa mai sanyi: a jiƙa cokalin shayi 3 na sukari a ruwa, ko a sha rabin kofin Fanta, a jira minti 15, a sake gwadawa. In ya hau, a bi shi da burodi. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar gulukagon idan akwai, a kira 112. Matar gida da yaron shago duk su san wannan.

Insulin da ba a buɗe ba yana zama a firji, digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare. Wanda aka buɗe yana kai kwana 28 muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. In dumsor ya daɗe, a ɗaure kwalbar a leda a sa cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Azumi ga mai wannan lalura haɗari ne babba, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Sau da yawa ana cire saifa tare da fankiriyas. In haka ne, a yi alluran rigakafin da likita ya rubuta, a kwana cikin gidan sauro, kuma zazzaɓi kowane iri a kai shi asibiti a ranar.