Darasi na Tara: Yadda Ake Gano Tsofaffin Maƙabartu a Ƙauyukanmu

Wata shekara, farkon damina, wani maƙwabcinmu a ƙauye ya sa shanu a gonar da ya saya. Garma ta yi kunya uku lafiya lau. A ta huɗu, can gefen da zaizaya ta cinye ƙasar sama, sai ta ƙwaƙulo bakin tukunya. Ya ɗauka tsohuwar randa ce, ya sunkuya ya janye, sai ga ƙashin mutum. Kafin azahar gari ya taru a gonar. Wani tsoho da aka riƙo wa hannu ya dubi wurin ya ce, "Ai nan kusheyin mutanen tsohon gari ne, har gindin aduwar can." Shekara da shekaru yana da wannan labari a kansa, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Wanda ya sayar da gonar kuwa jika ne, a birni ya tashi, bai san komai ba.

A wannan darasi za mu koyi yadda 'yan aji za su bi ƙauyukan ƙaramar hukumarsu, su gano irin waɗannan wurare, su auna su, su rubuta. Kayan aikin ba su da yawa: littafi mai bango mai kauri, biro biyu, igiya mai tsawon mita 10, da waya ko ɗaya ce a cikin ajin.

Me ke ɓatar da maƙabarta?

Kabarinmu ba siminti, ba allo. Tudun ƙasa ne, a jera 'yan duwatsu ko a ɗora ƙaya. Damina goma ta ishe shi ya kwanta ya yi daidai da ƙasa. Muddin ana binnewa a wuri, ƙafar mutane na kiyaye shi. Ranar da ya cika aka koma sabon fili, ranar ya fara ɓacewa. Mai gonar gefe ya ci kunya ɗaya bana, ya ƙara ɗaya baɗi, ba kuma lallai da mugunta ba.

Wani lokaci garin ne kansa ke tashi. Rijiya ta ƙafe, ko titi ya bi ta wani wuri mutane su bi shi, ko fari irin na 1973 ya watsa jama'a. Madatsun ruwa ma sun tayar da garuruwa: da aka gama Kainji a 1968 tsohuwar Busa ta shige ruwa, haka kuma Tiga a 1974 ta tashi ƙauyuka a ƙasar Kano. Akwai kuma kaburburan annoba, irin murar 1918 ko sanƙarau na 1996, inda a wasu wurare gaggawa ta sa aka buɗe fili dabam, aka daina amfani da shi bayan cutar ta lafa.

Fara da gaisuwa

Kada ku shiga gonar kowa da littafi a hannu kafin ku je ƙofar dagaci. Ni na taɓa yin wannan kuskure. Na sauka daga babur na hau taki ina rubutu, kafin in ɗago kai samari shida sun kewaye ni, sun ɗauka dillalin filaye ne. Da ƙyar mai unguwa ya raba mu, kuma ranar ko ruwa ba wanda ya ba ni, balle labari.

Ku je wurin dagaci ku ce, "Ranka ya daɗe, mu 'yan ajin yaƙi da jahilci ne, muna so mu rubuta inda iyaye da kakanni suke kwance don kada a noma su." Ku roƙi ya haɗa ku da mutum ɗaya nasa. Daga nan sai liman: "Allah gafarta Malam, kafin wannan maƙabartar ta yanzu, ina ake kai mutane?"

Amma waɗanda suka fi kowa sani ba su ne ke zaune a zaure ba. Masu haƙar kabari sun san inda diga ta taɓa cin karo da tsohon rami. Makiyayi ya san kurmin da aka hana shi sassabe tun yana yaro. Tsofaffin mata kuwa, ko da ba su raka gawa ba, su ke riƙe da lissafin wanda ya rasu a wace shekara, kuma su suka san inda aka binne jarirai a bayan gida. Ku tura mata 'yan aji wurinsu, don abin da Iya za ta faɗa wa mace tana tsinkar zogale ba za ta faɗa wa namiji daga bakin ƙofa ba.

Wajen tambaya, kada ku sa wa tsoho magana a baki. In ka ce, "Baba, nan ne ko?" zai ce nan ne don kada ya kunyata ka. Ka ce, "Baba, da aka rasa mahaifinku, ta wace hanya aka bi da shi?" Sai ka yi shiru ka bar shi ya bi hanyar da bakinsa. Ku kuma saurari sunayen wurare. Duk inda kuka ji ana cewa kufai, ko tsohon gari, ko kushewa, ko hubbare, ku sa alama. Durɓi ta Kusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani a jihar Katsina, sunanta kaɗai ya faɗi abin da ke wurin: manyan tuddai ne da aka binne sarakunan dā, an kuma fara tona su don bincike tun 1907.

Abin da ido zai nema

Lokacin wannan aiki rani ne, bayan an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe. Ku fita da sassafe ko bayan la'asar. Rana in ta karkata, inuwa na fito da ɗan tudu da ɗan kwari waɗanda ba a ganinsu da tsakar rana.

Tsohon kabari yakan lotsa. Itacen da aka jera a kan 'yar kabari ya ruɓe, ƙasa ta zauna, sai wurin ya zama ɗan kwari mai tsawon mutum. Kwari ɗaya ba shaida ba ne, yana iya zama ramin gara ko inda aka tumɓuke kututture. Amma in kuka ga uku, huɗu, biyar a jere, duk sun miƙe ta fuska ɗaya, to ku cire takalmi a zuci. Musulmi ana kwantar da shi ta gefen dama yana duban alƙibla. A ƙasarmu alƙibla gabas take, da ɗan karkata arewa, don haka kai na kudu, ƙafa na arewa. In kwarin ya miƙe kudu da arewa, alama ce mai ƙarfi. In kuma jerin ya kalli wata fuska, kada ku yi saurin cewa ba kabari ba ne. Yana iya zama na Kirista, ko na Maguzawa, ko na mutanen da suka riga kowa zama a wurin. Su ma a rubuta su.

Ku duba ƙasa. Tsingaro mai kauri da ya taru wuri guda yana nuna inda aka rufe rami da fasassun tukwane. Duwatsu a jere a filin da ba dutse, hannu ne ya kawo su. Ku duba itatuwa: ragowar shingen aguwa ko bini-da-zugu a tsakiyar fili, ko kurmin magarya da aduwa da aka bari tsakiyar gonaki ba a taɓa ba. Manomi ba ya barin ƙasa mai kyau haka kawai. Inda kuka ga kukoki sun taru, ga tsohuwar rijiya da ta rufta, ga ramukan marina, to kufai ne, kuma maƙabartarsa ba ta da nisa.

Doka ɗaya ba sassauci: ba tono. Ko sanda kada a soka don a gwada. Ba a taka kabari, ba a zama a kansa. Ku yi wa mazauna wurin sallama, ku bi ta gefe. In kun tarar ruwa ya tone ƙashi, ku rufe da ƙasa, ku sanar da liman da dagaci.

Iyaka ita ce aikin

Gano tsakiyar maƙabarta ba wuya. Kowa zai nuna muku. Rigima tana baki-baki, inda kabari na ƙarshe ya haɗu da kunyar farko, kuma nan ne za ku kashe yawancin lokacinku.

Kada ku dogara da bakin mutum ɗaya, komai tsufansa. Ku kai dattijo na farko shi kaɗai ya taka muku iyaka, kuna biye kuna ajiye dutse a kowace kusurwa. Wata rana ku kai na biyu, kada ku nuna masa duwatsun na farko. In sun dace, alhamdu lillahi. In sun saɓa, ku rubuta duka biyun kamar yadda aka faɗa: wane ya ce ta tsaya a aduwa, wane ya ce ta kai bakin burtali. Ba ku ne alƙalai ba. A ganina, inda aka yi shakka gara a bar wa matattu, don kunya biyu ta gero ba ta kai tonon asirin bawan Allah ba. Amma wannan hukunci na dagaci da liman da masu gonakin ne, a zaune, kowa na ji. Kuma lallai a kira mai gonar da ke maƙwabtaka ranar da za a kafa alama. Iyakar da aka kafa a bayan idon mutum, da dare ake tumɓuke ta.

Yanzu awo. Shimfiɗa igiyar nan mai mita 10, ka taka ta da tafiyarka ta kullum, ka ƙirga. A ce ka sami taki 13. Ka taka tsawon maƙabarta ta waje ka sami taki 65. Raba 65 da 13, ka sami 5, wato igiya biyar, mita 50. Faɗi kuma taki 39, igiya uku, mita 30. In ka ninka 50 sau 30, ka sami murabba'in mita 1,500. Wannan ya ɗan haura fuloti uku na ƙafa 50 da 100. Mutum ɗaya zai yi takin daga farko har ƙarshe, don takin dogo ba ɗaya yake da na gajere ba.

Lambobin waya

Buɗe Google Maps, ka tsaya a kusurwa. Ɗigon shuɗi shi ne kai. Jira kamar minti ɗaya ya natsu, sannan ka danna kansa ka riƙe, lambobi biyu za su fito. Ta farko tana nuna nisanka arewa, ta biyu nisanka gabas. Birnin Kano, misali, yana wajen 12.0 da 8.5. Kwafe su a littafi duka, har da waɗanda ke bayan ɗigo, wani ya karanta maka kana dubawa. Lamba ɗaya in ta kuskure tana iya kai maƙabartar wani gari. A yi haka a kowace kusurwa. Waya kan yi kuren 'yan mitoci, shi ya sa ba ta maye gurbin taki da shaidu. Tana kuma iya faɗawa rijiya ko a sace ta, saboda haka abin da ba ya cikin littafi ku ɗauka ba ku da shi.

Shafi ɗaya, maƙabarta ɗaya

A saman shafi a rubuta sunan da mutane ke kiran wurin, da ƙauye, da gunduma. Sai hanyar zuwa, a rubuta ta yadda baƙo zai gane: daga masallacin Juma'a a bi hanyar rafi, bayan rijiya a karya hagu. Sai tsawo da faɗi, da lambobin kusurwa, da abin da ke gabas da yamma da kudu da arewa. Sai a faɗi ko ana binnewa har yanzu, in an daina tun zamanin wane dagaci. Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, amma suna riƙe ta da sarauta ko yunwa ko zuwan titi, ku rubuta yadda suka faɗa. A ƙasa a zana 'yar taswira, kibiya na nuna arewa, shaidu su sa hannu ko su dangwala.

A yi kwafi uku. Ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin liman, ɗaya a kai sakatariyar ƙaramar hukuma ta hannun hakimi. Wannan ba roƙon alfarma ba ne. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kafa maƙabartu da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma dokar filaye ta 1978 ta ba su ikon bayar da takardar mallakar filayen karkara. Ku nemi a turo safiyo ya kafa turakun siminti. In ya yi jinkiri, kuma yakan yi, ku dasa aguwa a kan iyakar da aka amince. Reshe ake yankowa a soka, akuya ba ta cin ta.

In wurin na da tarihi, kamar hubbaren wani malami ko filin da aka yi yaƙi irin na Burmi a jihar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903, sai a sanar da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Mai son ya bi diddigin kufai kuma yana iya zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda ake ajiye rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, masu ɗauke da sunayen ƙauyukan da wasunsu yau sai kukoki.

Aikin gida

1. Auna takinka a kan igiyar mita 10 sau uku. Rubuta abin da ka samu kowane karo.
2. Mai taki 14 a igiya ya taka tsawo 84, faɗi 56. Mita nawa ne tsawon, nawa ne faɗin, nawa ne girman filin?
3. Je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, namiji ko mace, ka tambaye shi inda aka binne kakansa da hanyar da aka bi da shi. Rubuta amsar a layi biyar da kalmominsa, ka zo da ita aji ranar Asabar.