Kurakuran Mai Fara Magana Bayan Katin Ƙarshe a Wasan Hold'em

A wasan karta na hold'em wanda ba a ƙayyade zubi, babu kujerar da ta kai ta mai fara magana wuya idan an buɗe kati na biyar, wato na ƙarshe cikin waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa don kowa ya haɗa da biyun da ke hannunsa. Babu sauran katin da zai zo ya cece ka, kuma abokin karawarka zai ga abin da ka yi kafin ya motsa. Yawancin kuɗin da na ga mutane suna asara a nan ba rashin sa'a ba ne, rashin shiri ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ƙwanƙwasa tebur ya wuce, wato ya miƙa magana ga abokin karawa ba tare da ya zuba kuɗi ba, bai yanke abin da zai yi ba idan aka zuba masa kuɗi. A 2003, a babbar gasar duniya ta Las Vegas, Sam Farha yana riƙe da sarauniya da tara, tara ce kuma babban katin da ke ƙasa, wato ya haɗa tara guda biyu. Ya wuce, Chris Moneymaker ya tura duk abin da ke gabansa da sarki da bakwai, hannun da bai haɗa komai ba. Farha ya daɗe yana tunani, ya ajiye katinsa, Moneymaker kuma ya ci gaba har ya ɗauki dala miliyan 2.5. Ba na cewa amsawa, wato biyan daidai abin da aka zuba, tana da sauƙi a wannan wuri. Amma tunanin da ake yi bayan an tura maka tulin kuɗi, tsoro ne ke jan ragamarsa. Kafin ka wuce, ka tsayar da magana a zuciyarka: idan ya zuba rabi zan amsa, idan ya tura duka zan ajiye, ko akasin haka.

Lissafin ba shi da wahala. A ce akwai dala 100 a tsakiya, ya zuba 50. Za ka biya 50 a tulin da zai zama 200, don haka ya ishe ka ka ci sau ɗaya cikin huɗu. Idan ya zuba 100, kana bukatar sau ɗaya cikin uku. Mutane da yawa suna ajiye kati don "mai yiwuwa ya fi ni", alhali ko da ya fi su sau biyu cikin uku, amsawar ba ta jawo asara ba.

Sai zuba kuɗi mai yawa da hannu matsakaici. Kana da as da jak, a ƙasa akwai jak, 8, 4, 2, sai sarki ya faɗo a ƙarshe. Idan ka zuba kwatankwacin duk abin da ke tsakiya, wa zai amsa? Mai sarki, mai biyu-biyu, mai uku iri ɗaya. Wanda ka fi zai gudu, wanda ya fi ka ya zauna. Gyaran shi ne ka rage, kwata ko kashi ɗaya cikin uku na tulin, yadda mai katin goma guda biyu ko jak da goma zai ga farashin ya yi araha ya biya. Wannan ƙaramin zubi yana da wani amfani ga mai fara magana: kai ka yanka farashi, maimakon ka wuce ya yanka maka mai tsada. Idan kuma ya ɗaga, ka ajiye ba tare da ɓacin rai ba. A ƙananan tebura da wuya mutum ya ɗaga a katin ƙarshe da burga kawai. Sai dai ka riƙa saka wasu manyan hannuwa cikin ƙaramin zubin nan lokaci-lokaci, in ba haka ba mai lura zai gane ka, ya riƙa ɗaga maka duk sanda ya ga dama.

Akwai masu ɓoye babban hannu, su wuce suna jiran a zuba su ɗaga. Wannan tarko yana kama mai zafin hannu ne kaɗai. Mutumin da tun farkon zagaye amsawa kawai yake yi, zai wuce a bayanka ya buɗe kati kyauta, ka tashi da rabin abin da ya kamata ka samu.

Burga kuwa, mutane sun fi yin ta da hannun da bai dace ba. Ka nemi fulash, wato kati biyar masu alama ɗaya, bai zo ba, sai haushi ya sa ka zuba. Matsalar ita ce katin nan biyu da ke hannunka su ne kake fatan suna hannunsa, domin mai neman fulash da ya rasa shi ne zai fi saurin ajiyewa. Tunda suna wurinka, damar cewa yana da abin amsawa ta ƙaru. Gara ka yi burga da katin da ya toshe masa manyan hannuwa, wato wanda yake bukata kafin ya haɗa su. Kuma ka san bashin da ka ɗauka: zubin 100 a kan 100 yana bukatar ya ajiye rabin lokuta, 50 a kan 100 kuma sau ɗaya cikin uku. Idan ka riga ka ga mutumin ya amsa sau biyu da ƙaramin hannu a daren, kada ka gwada shi.